Kwana biyu firiza ke iya jira, mu kuma mun yi goma babu wuta



A ƙauyenmu da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, gidajen da ke da firiza ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma namu na cikinsu. Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka alamar wadata ce. A gaskiya jari ce, kuma nauyi ce. Innarmu ta saye ta ne ta hannu da kuɗin adashi, don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, daga baya ta ƙara da ɗanyen kifi. To amma a wajenmu gida na jikin gida, gona na jikin gona, da wuya a ce abu naka ne kai kaɗai. Duk matar da ta samu nama a suna ko biki, ko mijinta ya yanka zakara, sai ta ƙulle a leda ta aiko yaro: "Wai a saka mata a sanyi." Inna ba ta karɓar ko sisi. Abin da take yi kawai shi ne ta ɗaura wa kowace leda ƙyallen atamfa daban, don kada na wata ya tafi gidan wata.

Ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ce gare mu. Mun saba da ta wuni guda, mun saba da ta kwana guda. Don haka da wuta ta tafi ranar Litinin, 21 ga Oktoba, 2024, babu wanda ya ɗaga kai. Inna ta yi abin da ta saba: ta lulluɓe firizar da tsohon bargo da buhunan algarara, ta ɗora dutsen niƙa a kan murfin, ta ce duk yaron da ya taɓa ya kuka da kansa. Sai ranar Talata da daddare Baba ya ji a rediyo cewa abin ya wuce na garinmu. Babban layin da ke kawo wuta Arewa daga Ugwuaji a jihar Inugu ta Apir a jihar Binuwai ne ya samu matsala, ga shi kuma ɗaya layin, na Shiroro zuwa Kaduna, tun kafin nan ɓata-gari sun lalata shi. Kano da maƙwabtanta duk suna cikin duhu, kuma babu ranar da aka sa. Kamar yadda kuka sani, sai da aka yi kusan kwana goma a haka.

A daren nan Inna ba ta yi barci ba, lissafi ta kwana tana yi. Ɗan janareton gidanmu ba ya ɗaukar firiza. Ko da an aro babba, litar fetur a watan ta haura Naira 1,000, kuma man da za a ƙona a kwana uku ya fi ribar katan ɗin kifi. Ƙanƙarar da za a ce a sayo daga gari a zuba, masu yin ta su ma wutar suke jira. Ga abin da ke ciki kuwa: cinyoyi biyu na ragon sunan ɗan yayana da aka ware wa mai jego, da katan guda na kifi sukumbiya da Inna ta karɓo bashi, da markaɗen tumatir da tattasai bokiti guda, da ƙullin zoɓo da na kunun aya, da kindirmo, da ragowar shinkafar suna, sai ledojin maƙwabta guda bakwai.

Ku da kuke aji huɗu zuwa shida kun riga kun san abin da zan faɗa, amma na lura manya da yawa ba su yarda da shi ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Barci kawai yake sa su. Firiza mai lafiya tana riƙe abinci a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, kuma a wannan sanyi ƙwayoyin ba sa iya hayayyafa. Da zarar abincin ya narke ya haura digiri 5, sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Tsakanin digiri 5 da 60 nan ne suka fi jin daɗi, har wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Ku ɗauki biro ku lissafa: ƙwaya ɗaya, idan ta samu sa'a bakwai tana ninkawa haka, ta haura miliyan biyu. Zafin ɗakinmu da rana a watan Oktoba kuwa ya wuce digiri 30. Hukumomin kula da abinci na Amurka suna cewa firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kimanin sa'a 48, wadda take rabi kuma sa'a 24. Tamu cike take, ga bargo, amma rufin kwano ne a kanta. Zuwa asubahin Laraba sa'a 48 ɗin sun cika.

Muna idar da sallar asuba Inna ta ɗage murfin. Ta zaɓi wannan lokaci ne saboda gari da sauran sanyi, kuma ga wuni guda cur a gabanmu na aiki. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera baho uku. Duk abin da aka ciro sai ta matsa shi da hannu. Wanda yake da tauri ko ake jin ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a cikinsa, baho na farko. Wanda ya saki amma sanyinsa na cizon hannu, na biyu. Wanda ya yi laushi ya koma kamar ruwan randa, na uku. Na lura abin da ke sama da wanda ke jikin bango su suka fara narkewa, na tsakiya kuwa, da yake ’yan uwansa sun kewaye shi, kamar jiya aka saka shi.

Rigimar farko da yara aka yi ta. A ƙasan firizar jinin nama da ruwan kifi sun taru sun yi kwalbatu, kuma ƙullin zoɓo kusan talatin suna kwance a ciki. Zoɓon kansa lafiyarsa ƙalau, da sanyinsa. Ƙannena suka ce a ɗauraye a ba su. To yaya ake shan zoɓon leda? Da haƙori ake huda shi, a tsotsa, leɓe na jikin ledar, kuma ɗauraya ba ta fitar da abin da ya shige bakin ƙulli. Nama za a dafa shi, zoɓo kuwa babu wutar da zai sake gani. Aka farfasa su a bayan gida yara na kallo kamar za su yi kuka. Waɗanda ke cikin kwandon sama, da ruwan bai taɓa ba, su aka raba musu. Kunun aya bai ma jawo gardama ba, don ledojinsa sun kumbura sun yi tam. Kindirmo, da yake dama mai tsami ne kuma yana da sanyinsa, aka dama fura da shi nan take, shi ne karin kumallonmu.

Daga nan aiki ya koma hannun Iya, kakata. Ta ɗaura zani ta fito tsakar gida kamar wadda aka maida wa sarautarta. Dama ba ta taɓa son firizar ba, "akwatin gawa" take ce mata. Ta dube ni ta ce, "Ke kishiya, ajiye wayar nan ki huro wuta. Tun ba a haifi wanda ya ƙera akwatin nan ba muke ajiye naman layya ya kai cika-ciki." Kuma gaskiyarta. Daga 10 ga Zulhajji zuwa 10 ga Muharram wata guda ne, kuma iyayenmu sun daɗe suna kai nama wannan rana ba tare da ƙanƙara ba.

Murhu uku aka hura da karan gero da itacen darbejiya. Iya ta ce a fara da bahon tsakiya, don shi ne ba zai iya jira ba, na farko kuwa a mayar da shi firizar a rufe, yana da sauran sa'o'i. Aka yayyanka naman ƙanana, ba manyan tsoka ba, saboda wuta ta ratsa cikinsa. Aka zuba gishiri mai ɗan yawa da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari, aka bar shi ya tafasa har ruwan jikinsa ya tsotse. Sannan aka narka kitsen ragon aka ƙara man gyaɗa, aka soya. Suyar ajiya daban take da suyar ci yanzu. Iya ba ta kwashewa sai ta ji man ya daina tsartuwa, kumfar ta kwanta, naman ya yi duhu ya yi sauƙin nauyi. Tana cewa muddin mai na surutu, akwai ruwa a ciki, kuma ruwan nan shi ne ɓarawon.

Wannan magana tata ita ce dai abin da aka koya mana a aji da dogon Turanci. Ƙwayar cuta halitta ce, ba ta rayuwa babu ruwa. Tafasa tana kashe ta, don Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70. Suya tana ƙarar da ruwan da wata sabuwa za ta samu ta zauna. Gishiri kuma yana janye ɗan abin da ya rage. Firiza tana ɗaure ruwan ne ta mai da shi ƙanƙara, Iya kuwa korar sa take yi gaba ɗaya. Bambancin shi ne abin da aka ɗaure yana iya kwancewa.

Cinya ɗaya aka yi wa suya, ɗayar aka yi dambu da ita. Shi dambun nama sai an dafa ya yi ligif, a zare ƙashi da jijiya, a daka a turmi har ya zama zare-zare, sannan a soya da yaji ana juyawa ba tsayawa har ya bushe ya yi wara-wara. Hannuna ya gaya mini a ranar. Na kawo shawarar a yi kilishi da wani ɓangare, tunda damina ta ɗauke, rana na da ƙarfi. Iya ta ƙi, kuma dalilinta ya gamsar da ni. Kilishi ɗanye ake shanya shi kafin ya ga wuta. Naman da aka yanka yanzu zai jure wannan shanya, amma wanda ya riga ya narke ya jiƙe da ruwansa, in ka shimfiɗa shi a rana ka ƙara masa sa'o'i ne a daidai zafin da ƙwayoyin ke so, ga ƙuda.

Markaɗen tumatir bai ba mu wahala ba. Aka juye a babbar tukunya ya yi ta tafasa har bokiti guda ya koma ɗan kwano, aka soya shi, aka zuba a kwalabe masu tsabta mai ya rufe samansa. Kullum da safe a sake ɗumama wanda aka buɗe. Ɗanyen tattasai da alayyahon da muka sayo daga baya kuma a tukunya cikin tukunya muka riƙa ajiye su, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta sa ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Tana taimakon kayan lambu sosai. Sai dai kada wani ya yi gangancin saka nama ko kifi a ciki, sanyinta bai kai nan ba.

Kifin ne ya raba mu da Iya. Yawancin katan ɗin yana manne da ƙanƙara, wannan an wanke, an soya rabi, an banda rabi a kan raga. Amma guda tara na gefe sun yi laushi, cikin wasu ya fashe, idanunsu sun faɗa, kuma babu sanyi ko kaɗan a jikinsu. Iya ta ɗauka ta shinshina ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ba su yi wari ba. Hayaƙi zai gyara su." Ni kuma na ce a'a. Sukumbiya na cikin kifayen da in sun ɗumama, ƙwayoyin cuta ke sarrafa wani sinadari na jikinsu ya zama guba mai suna histamin. Wannan guba ba lallai ta yi wari ba, kuma suya ko banda ba sa lalata ta. Wanda ya ci, cikin mintuna zai iya jin fuska ta yi zafi, jiki ya yi ƙaiƙayi, ga ciwon kai da amai. Haka shinkafar sunan take, ita ma tana bahon ƙarshe. Akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwar shinkafa, in shinkafar ta zauna a ɗumi ta saki gubar da ko an sake tafasawa tana nan. Hanci yana kama ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci. Waɗanda ke kwantar da mutum sau da yawa ba sa barin alama.

Iya ta ce, "Boko dai bai iya komai ba sai zubar da abinci." Inna ta yi shiru, don ita ce za ta biya bashin, kuma kifi tara ba wasa ba ne a katan guda. Sai wata baƙuwa da ta zo taya mu aiki ta kawo abin da take gani mafita ce. Ta ce a soya su da yaji sosai a haɗa da na tallan yamma, wa zai gane? In kuma ana jin nauyi, a haɗa da shinkafar a ba almajirai sadaka.

Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da duk abin da ya faru a ranar, domin ba ita kaɗai ke tunani haka ba. A gidaje da yawa abincin da ya fara juyawa kwanon almajiri yake tafiya, a ce an yi sadaka. Masu sayen kifin talla da yamma kuma su wane ne? Yara ne irinku da ƙannenku, masu Naira 100 a hannu. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne ’yan ƙasa da shekara biyar. Almajirin da gudawa ta kama cikin dare ba shi da uwar da za ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari. A ganina abin da ka ji tsoron ba ɗanka, in ka miƙa wa ɗan wani, ba kyauta ka yi ba, shararka ka kwashe da cikinsa.

Ban kai ga faɗin haka ba, don ba ni da girman da zan faɗa wa baƙuwa. Inna ce ta miƙe ta kira ƙanena ta ce ya ɗauko fartanya. Aka haƙa rami mai zurfi a bayan rumbu, yadda kare ko kaza ba za su tono ba, aka zuba kifin da shinkafar aka rufe. Iya ba ta yi mana magana ba har la'asar. Har yau in zance ya biyo ta kan kifi sai ta ce, "Tara fa, kishiya." Tunda babu wanda ya ci, ba ni da abin da zan nuna mata, ita ma ba ta da abin da za ta nuna mini.

Saura amanar mutane. Tun da hantsi Inna ta aika yara gida-gida: ko a zo a karɓa yanzu a dafa, ko a aiko da mai da itace mu haɗa da namu. Huɗu suka karɓa, biyu suka aiko da mai, har ɗaya ta biyo da kanta da turminta. Ta bakwai ta yi tafiya biki, gidan a rufe, wayarta kuma a kashe kamar ta kowa, don babu inda za a yi caji. Nata kaza ce guda, ita aka saka a ƙarshe don haka tana can sama, ta yi ɗumi, fatarta na santsi. Inna ba ta binne ta ba sai da ta kira matan maƙwabta biyu suka gani da idonsu, ta kuma ajiye ƙyallen da aka ɗaure ledar da shi. Da matar ta dawo, Inna ta je har gida ta yi mata bayani, ta ce za ta biya. Matar ta ce haba, ai ƙaddara ce. Sai dai tun daga ranar ba ta sake aiko da komai a saka mata ba, gaisuwarsu ma ta ɗan yi gajarta. Inna ta ce gara hakan da a ce ta ba ta ta dafa wa ’ya’yanta.

Kafin magariba babu sauran ɗanyen abu a gidan. Muka wanke firizar da ruwan zafi da sabulu, muka bar murfin a buɗe don kada wari ya kama ta. Soyayyen kifin ya ƙare a daren, don a lokacin kowa na neman abin da ba sai an ajiye ba. Bandan ya kai mu mako. Soyayyen naman Iya ta zuba shi a kwando mai shan iska, ba a leda ba, ta rataye a ɗakinta, duk bayan kwana uku ta sake jefa shi a mai mai zafi. Mai jego ta ci rabonta har ta yi arba'in. Dambun da aka ƙulla mini na tafi da shi makaranta ya yi mini wata guda ina barbaɗawa a garin kwaki.

Bashin kifin sai da Inna ta yi kasuwar Dambatta uku, Lahadi bayan Lahadi, kafin ta gama biya. Da wuta ta dawo ta sake tsarin firizar. Nama da kifi suna ƙasa cikin bokiti mai murfi, abin sha yana sama, duk inda ya rage fili kuma ta cusa jarkar ruwa ta daskare, don firizar ta kasance cike kullum. Da Babbar Sallah ta zo a watan Yunin 2025, tun kafin a gama fiɗa Iya ta hura wuta. Kashi biyu cikin uku na abin da ya rage mana bayan rabo ta soye a ranar, kashi ɗaya kacal ta yarda aka saka a akwatin, shi ma ta ce kada ya wuce mako.